Sawu a Cikin Tangaran

Ranar Litinin da safe aka tarar da kabad ɗin ɗakin awo a buɗe, kuma kafin shayin ƙarfe goma ya huce, duk cibiyar binciken ta riga ta yanke hukunci. Abin da aka ɗauka bai fi maɓallin riga girma ba. Ƙwaya ce ta tangaran, an shafe fuskokinta biyu da ruwan azurfa, ita ce ta bakwai a cikin wani akwati mai gurbi bakwai. Shida suna nan zaune, gurbin ƙarshe wayam. Mai ita ɗaliba ce da ake kira Auta, don ita ce ta ƙarshe da Farfesa ya karɓa kafin ya ajiye aiki. Shekara huɗu ta yi tana haɗa hoda ana gasa mata kafin ta dace da wannan ƙwayar, ga shi saura mako biyu masu jarrabawa su zo su gani da idonsu.

Masu ilimi mutane ne masu son hujja, sai fa idan zancen ya faɗa kan ƙaramin ma'aikaci. An ga sawun farar hoda daga ƙofa zuwa cikin ɗakin, sawun takalmin roba, kuma mutum ɗaya ne a ginin yake yawo da hoda a ƙafa: Baba Mai Tanderu, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana gasa musu ƙwayoyi. Yana da makullin ɗakin. Wani ya tuna ya taɓa jin sa yana cewa wata rana sai ya tafi da ɗaya gida ya nuna wa jikokinsa. Wani ya ce ai azurfar yake kankarewa, alhali azurfar da ke jikin ƙwaya ɗari ba za ta yi wa kyanwa ɗan kunne ba. Magatakarda ya rubuta takarda: ranar Alhamis kwamiti zai zauna, idan ba a ga ƙwayar ba za a sallami tsohon da sunan ɓarawo, saura wata biyu ya yi ritaya da mutuncinsa.

Don a cika ƙa'ida ne kawai aka kira Mai Bin Sawu daga ofishin tsaro. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda ya tashi a bayan mahaifinsa suna bin sawun dabbobin da aka sace, har idonsa ya saba da ƙasa. Idan ana masa magana ƙasa yake kallo, sai a ɗauka kunya ce. Matarsa takan ce ya fi sanin takalman surukansa a kan fuskokinsu, shi kuma bai taɓa musawa ba.

Ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe. Sawun na Baba ne, babu ja. Amma bai nufi kabad ba, ya wuce shi da tazarar kamu biyu ya zarce taga. A gindin tagar diddige ya ɓace, sai yatsu kaɗai, alamar mutum ya yi ɗage ya miƙa hannu sama. Daga nan sawun ya juyo ya fita, taku ɗaya da na shigowa, babu sauri babu tsayawa. Ya faɗa wa Magatakarda haka, Magatakarda ya ce kwamiti ba ya karɓar shaidar diddige.

Ya sami Baba a ɗakin gashi, zaune a kan benci, ya zuba wa tanderun ido kamar mai jinya. Wutar a kashe take tun safe, an hana shi kunnawa. Mai Bin Sawu ya gaishe shi ya zauna, bai tambaye shi komai ba sai da tsohon ya gaji da shirun. Ya ce tun shekarar da ya kama aiki wani malami ya gaya masa zafi yana lalata ƙwayoyi, ya kuma lura da hantsi rana tana dukan kabad ɗin nan, shi ya sa kullum da safe yake shiga ya ja labule. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya sani. Yau ma ya ja, ya ga kabad a buɗe, ya ɗauka Auta ce ta riga shi zuwa.

"Baba, mene ne amfanin ƙwayoyin nan?"

"Ɗana, ni gashi na sani. Na san kusurwar da ta fi zafi, na san ranar da tanderu yake fushi. Abin da suke yi da su bayan sun bar hannuna, ba a taɓa kirana ba." Ya share hodar da ke gwiwarsa. "Korar ba ta dame ni ba kamar abin da zan ce wa 'ya'yana."

Auta tana ɗakin awo, idanunta sun kumbura, amma da ya roƙe ta ta nuna masa abin da aka sace ɗin, sai muryarta ta dawo. Ta ɗauko ƙwaya ta ɗaya, ta nuna masa wani ɗigon tawada a fuskarta, ta ɗora ta tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ɗigon yana sama. Wayoyi biyu suka tafi wata na'ura mai allura a tsakiya. Ta ce ya danna da babban yatsa. Ya danna, allurar ta zabura dama. Ya saki, ta dawo. Ya leƙa bayan na'urar ya nemi batirin da ke wannan aikin, ta ce babu, ƙwayar ce take ba da wutar. Ya sake dannawa har sau biyar, babba da shi, ya manta abin da ya kawo shi.

Ta yi masa bayani a hankali. A cikin ƙwayar, in ji ta, akwai ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kowane da inda ya fuskanta. Idan ta fito daga tanderu kowa harkar gabansa yake, ko ka danna ba abin da za ka gani. Sai a tsoma ta a tukunyar mai mai ɗumi, a sakar mata wutar lantarki mai ƙarfi, duk yankunan su juya su kalli gefe ɗaya. Wannan shi suke kira saitawa. A kashe wutar, a cire ta, su ci gaba da kallon gefen nan shekara da shekaru. Ɗigon kuwa don a san fuskar da ta kalli sama a cikin tukunya ne. Abu ɗaya ke sa su manta: zafi. Idan ya wuce iyaka, kowa ya koma kallon inda ya ga dama.

Mai Bin Sawu ya sake duban ƙwayar. Duk rayuwarsa sawun da ya sani na kan ƙasa ne, iska ta share, ruwa ya wanke, akuya ta taka. Yau ga sawu a cikin dutse, ba a gani, ba ya gogewa, yana jiran yatsan da zai tambaye shi.

Ta ce irin ta ɗaya su ne masu riƙo: suna riƙewa tamau, ranar mantuwa kuma su manta gaba ɗaya, a zafi guda sananne. Aikinta shi ne barbaɗa wa hodar wani ƙarfe ɗan kaɗan, abin da bai kai gishirin miya ba, tana ƙarawa daga ta ɗaya zuwa ta bakwai. Yadda ƙarin yake yawa, haka manyan yankunan suke farfashewa su zama ƙanana ƙwarai, kowane da iyakarsa. Irin waɗannan su ne masu sassauci. Ba sa mantawa lokaci ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, kuma ɗan zafin da bai kai na tafasar ruwa ba ya ishe su. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne da ta ce amsarsu tana canzawa da yadda aka tambaye su: idan na'ura ta jijjiga su da sauri su ba da wata amsa, idan ta bi su a hankali su ba da wata. Ya ce ai haka shaidu suke, ta yi murmushin farko tun safe.

Ta bakwai kuwa a kan iyaka ta zauna, tana da riƙo tana da sassauci. Idan aka ba ta wuta takan motsa fiye da duk wadda aka taɓa gasawa a ginin, kuma babu dalma, ƙarfen nan mai guba, a cikinta. Da ya tambayi amfanin motsin, ta ce danginta ne ke cikin na'urar da ake ɗora wa mai juna biyu a ciki a ga jariri. Sai ya tuna. Watanni uku da suka wuce ya raka 'yarsa asibiti, ya ga jikansa yana tsotsar yatsa tun bai zo duniya ba, ya fito yana share ido. Bai san gasasshiyar hoda ce ta nuna masa ba.

Talata ya je wurin Farfesa. Dattijo ne siriri mai tsabta, ofishinsa littattafai har rufi. Ya karɓe shi da fara'ar da ta ɗan yi yawa, ya ce shi ma abin ya dame shi, amma kwamiti ya fi shi sanin doka. Da ya ji baƙon nasa ya danna ƙwaya jiya, sai fuskarsa ta sake da gaske. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da wata ƙwaya da ta yi duhu don tsufa, ya ce ita ce ta farko da ya saita da hannunsa, shekara arba'in ke nan. Ya ɗora ta a wata tsohuwar na'ura, ɗigon fensir yana sama, ya ce danna. Allurar ta zabura hagu.

Shekara arba'in. An haifi mutane sun haifi wasu, ita tana aljihun tebur tana kallon inda wani saurayi ya ce ta kalla. Mai Bin Sawu ya daɗe yana juya ta a tafin hannunsa kafin ya ce ai da ya danna ta Auta, gefen dama allurar ta tafi. Farfesa ya yi dariya ya ce a zamaninsu da fensir ake ɗigo, kuma tsinken da ke sauka daga sama a tukunyar mai yana goge shi, shi ya sa suke kifa ɗigon ƙasa. Yaran yanzu sun sami tawadar da ba ta fita, sai suka mayar da shi sama. Shi dai hannunsa bai taɓa koyon sabon ba, kuma rabonsa da tukunya ya fi shekara goma. Yana wannan maganar, mai sauraronsa yana kallon ƙasa kamar kullum. A kan takalmin Farfesa na hagu akwai wani tabo mai duhu irin na ɗigar mai, wanda man goge takalmi bai rufe ba.

Daga nan zargi ya koma kan Dogo, ɗalibin da suke raba ɗakin awo da Auta. Mai shara ta ce ta gan shi ranar Litinin da sassafe yana fita da galan a ɓoye a bayan rigarsa ta aiki. Kowa kuma ya san sun yi cacar baki da Auta a kan wa zai riga amfani da na'ura, har ya ce mata lambobinta sun yi kyau da yawa. Mai Bin Sawu ya tare shi a baranda ya jero masa tambayoyi, Dogo ya murtuke ya ce bai san wani galan ba. Sai Mai Bin Sawu ya tuna da zancen masu sassauci. Ya sayo shayi kofi biyu, ya zauna kusa da shi, ya tambaye shi garinsu da mahaifiyarsa da shekarun da suka rage masa. Kafin kofin ya ƙare Dogo ya faɗi gaskiya. Da ya shigo Litinin ya tarar man tukunyar ya yi baƙi yana ƙauri, alamar wuta ta huda wata ƙwaya a ciki. Shi ne na ƙarshe da ya sa hannu a takardar amfani da tukunyar ranar Juma'a, ya ji tsoro a ɗora masa, ya zubar da man ya zuba sabo. Ya rantse ranar Juma'a man garau ya bar shi.

To, wani ya kunna tukunya a ranakun hutu. Wannan kaɗai ya isa ya wanke Baba, wanda ko maɓallin kunna ta bai sani ba. Amma Magatakarda ya ce man da aka zubar ba shaida ba ne, Dogo ma yana iya ƙirƙira don ya kare kansa. An bar jaki ana dukan taiki, kuma masu dukan sun fi son taikin don ba ya harbi.

Laraba da hantsi Mai Bin Sawu ya koma ɗakin awo, ya tarar rana tana dukan kabad, don an hana mai jan labule shigowa. Ya ja da kansa. Ya tsaya yana kallon akwatin mai gurbi bakwai, sai maganar mahaifinsa ta faɗo masa. Tsohon yakan ce idan aka ɗauke saniya daga garke, kada ka fara da neman wadda ta tafi, ka dubi waɗanda suka rage, za ka ga inda suka juya kai. Ya tambayi Auta ko tun Litinin an duba sauran shidan. Ta ce an ƙirga su. Ya ce ƙirgawa daban, tambaya daban.

Ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya, ɗigo a sama, yana dannawa. Ta ɗaya dama. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, ta biyar, duk dama. Ta ɗora ta shida. Ya danna, allurar ta tafi hagu.

Auta ta ɗauke ta ta duba ɗigon, ta mayar, ta danna da kanta. Hagu. Ta buɗe littafin aikinta, ta nuna masa awon ranar Juma'a: dama, kamar 'yan uwanta. Ta ce wannan ba ya faruwa da kansa. Sai dai idan wani ya sa ta manta, sannan ya sake saita ta a kife. Ta fara cewa ai ba wanda yake kifa ɗigo a ginin nan, ba ta ƙarasa ba ta zauna a kan kujera. Ya ga ta gane, ya kuma ga ganewar ta fi satar yi mata ciwo. Ya roƙe ta ta yi shiru zuwa gobe.

Ranar Alhamis, kafin kwamiti ya zauna, ya nemi alfarmar a taru a ɗakin awo na minti goma. Magatakarda ya zo da fayil a hammata yana duban agogo. Dogo ya jingina da bango, Auta tana gefen na'ura, Farfesa ya zauna a kujerar da aka jawo masa. Baba Mai Tanderu ya tsaya a bakin ƙofa cikin wankakkiyar riga, ya bar takalmansa a waje don kada ya sake yin sawu.

Mai Bin Sawu bai yi dogon jawabi ba, bai ma iya ba. Ya sa Auta ta ɗora ƙwayoyin, ya sa Magatakarda ya danna da yatsansa, tun da kwamiti ba ya karɓar shaidar diddige. Biyar dama, ta shida hagu. Ya faɗi abin da Dogo ya gani a tukunya. Ya ce wanda ya ɗauki ta bakwai bai ɗauke ta ita kaɗai ba, ya haɗa da ta shida, ya sa su sun manta, ya yi ƙoƙarin gyarawa, ɗaya ta gyaru ɗaya ta ƙone. Sannan ya ɗauko wata ƙwaya sabuwa mai ɗigo, ya ce kowa ya sa ta a mariƙin tukunya yadda ya saba.

Dogo ya sa, ɗigo a sama. Auta ta sa, ɗigo a sama. Aka miƙa wa Baba, ya juya ta gaba da baya ya ce shi bai san gurbin ba, ɗigon ma ya ɗauka datti ne. Saura mutum ɗaya. Mai Bin Sawu ya ɗauki ƙwayar da hannu biyu ya kai gaban Farfesa, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, babu gaggawa."

Kowa a ɗakin ya san dattijon yana iya sa ɗigon a sama ya tashi abinsa, ba mai cewa uffan. Mai Bin Sawu ma ya sani, kuma ba shi da wani abu a hannu bayan wannan sai tabon takalmi. Farfesa ya riƙe ƙwayar ya daɗe. Ya dubi akwatin, ya dubi ƙofa inda tsohon yake tsaye ba takalmi. Sai ya miƙa hannu ya sa ta a mariƙin, ɗigon a ƙasa. Ya ciro gidan tabarau daga aljihu ya buɗe a kan tebur. Ƙwaya ta bakwai tana ciki, ta rabe biyu, da ɗan baƙin huji a tsakiya.

Ya yi magana idonsa a kan ɓangarorin ƙwayar. Ya ce shekara arba'in yana neman tangaran da zai zauna a kan iyakar nan bai samu ba, har ya fara koya wa ɗalibai cewa da wuya a samu. Da Auta ta kawo lambobinta bai yarda ba, ya kuma ji nauyin ce mata bai yarda ba. Ranar Lahadi da rana ya zo shi kaɗai ya auna ta shida da ta bakwai. Gaskiya ne, har ya fi abin da ta rubuta. Ya ce ya fi awa yana kallon na'urar, yana ba ƙwayar wuta tana numfashi, yana kuka shi kaɗai. Da ya gama ya wanke su, ya ɗora su a kan farantin busarwa kamar yadda ya yi wa dubban ƙwayoyi a zamaninsa, masu jure zafin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Ya manta waɗannan masu sassauci ne. Da ya ɗauke su, allura ko motsi. Ya ruga tukunya, ta shida ta karɓa, ta bakwai ya sakar mata wutar da ya saba sakar wa na da, ta fashe.

"Kuskuren na Lahadi ne," in ji shi. "Laifin kuwa na Litinin ne, da na ji ana kiran sunan bawan Allahn nan na yi shiru."

Ya tashi ya taka har bakin ƙofa. Shekara talatin da ɗaya suna gini ɗaya, wannan ne karo na farko da Farfesa ya tsaya a gaban Mai Tanderu ya sunkuyar da kai. Ya dai ce a yafe masa. Baba ya dube shi, ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, amma bai ce komai ya wuce ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Magatakarda ya zare wata takarda daga fayil ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya ce kwamiti zai zauna duk da haka, sai dai batun ya canza.

Da aka watse Auta ta tsaya a kan ɓangarorin ƙwayarta, ba ta yi kuka ba. Ta ce sauran hodar ta bakwai tana nan, za ta isa ƙwaya uku, amma sau tara aka gasa wannan haɗin a baya, sau ɗaya kawai ya yi. Ba ta san abin da ya bambanta ranar ba. Baba, wanda ya sunkuya yana sa takalmi, ya ce shi ya sani. Ranar tanderu yana fushi ta gefen dama, sai ya matsar da ita kusurwar baya ta hagu, ya kuma bar ta ta huce a ciki har washegari maimakon ya buɗe da yamma. Ta tambaye shi me ya sa bai faɗa ba. Ya ce ba a tambaye shi ba. Kwana huɗu yake bukata, idan an ba shi izinin kunna wuta.

Mai Bin Sawu har ya kai ƙofa, sai ya juyo ya ce wa Auta akwai saura. Ta gane. Ta ɗauko ƙwaya ta ɗaya ta ɗora tsakanin farantan, ta kama hannun rigar tsohon ta jawo shi gaban na'ura.

"Baba, danna nan."

Ya goge yatsansa a riga tukuna, yatsan da wuta ta cinye wa zane. Ya danna a tsorace. Allurar ta zabura, shi ma ya zabura ya janye hannu. Ya leƙa bayan na'urar, Mai Bin Sawu ya ce masa kada ya wahalar da kansa, shi ma ya nema, babu batir. Auta ta gaya masa na yankunan da ke juyawa su riƙe, ta gaya masa na jaririn da ake gani a ciki. Tsohon ya sake dannawa, a hankali wannan karon, ya bi allurar da ido har ta dawo.

"'Yata, duk waɗanda na gasa haka suke yi?"

"Duka, Baba. In dai an saita su."

Ya yi lissafin shekarun a zuci, hawaye yana bin hodar da ke kumatunsa. Sannan ya tambaya ko in an gama jarrabawar za a ara masa guda ɗaya da na'urar, na yini ɗaya kawai, ya kai wa jikokinsa su danna.